Makarantar Alpha ta Kinston: tarihin makaɗan da suka fito daga ɗakin koyon sana'a

A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya mutum ya ratsa fadar samari da dare bai ji kiɗan rege yana tashi ba, kuma ko ƙaramin yaro ya san sunan Bob Marley. Abin da ba a faye sani ba shi ne, da yawa daga cikin masu busan da suka aza harsashin wannan kiɗa sun koyi aikinsu ne a wata makarantar koyon sana'a ta marayu da yaran da hukuma ta tsare, a birnin Kinston na tsibirin Jamaika. Sunan makarantar Alpha. Ba a kafa ta don kiɗa ba. An kafa ta ne don a fid da kafintoci, teloli, masu ɗinkin takalma da masu buga littattafai. Amma ƙungiyar makaɗan da ta girka ta zama sanadin sauya tarihin kiɗan ƙasa guda, har abin ya tsallaka teku. Tarihin nan ya cancanci malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su tsaya a kansa, domin yana amsa wata tambaya da ta daɗe tana yawo a ɗakin malamai: shin kiɗa a makaranta wasa ne na ranar bikin ƙarshen shekara, ko kuwa ilimi ne da ake koyarwa kamar kowane ilimi?

Asalin gidan

Jamaika ta shiga hannun Ingila a shekarar 1655, ta zama gonar rake wadda bayin da aka kwaso daga Afirka suke nomawa. An soke bauta a 1834, kuma ƴanci cikakke ya tabbata a 1838. Sai dai ƴantattun bayin sun fito ne hannu banza, domin ƙasar noma mai kyau ta zauna a hannun masu manyan gandaye. Talauci da rashin adalcin kotuna suka kai ga boren Morant Bay a 1865, wanda gwamnan mulkin mallaka ya murƙushe da zubar da jini mai yawa. Bayan haka mutanen karkara suka yi ta kwararowa Kinston, wadda ta zama babban birni a 1872, tituna suka cika da yaran da ba su da mai kula da su.

Cikin wannan hali ne wata ƴar ƙasar mai bin ɗariƙar Katolika, Jessie Ripoll, tare da ƙawayenta biyu, Josephine Ximenes da Louise Dugiol, suka haɗa abin hannunsu suka sayi wani fili mai faɗin eka 43, wajen hekta 17 ke nan, a kan hanyar South Camp. Ranar 1 ga watan Mayun 1880 suka buɗe gidan da marainiya guda ɗaya tak. Bayan ƴan shekaru aka fara karɓar yara maza. A 1890 abubuwa biyu suka faru: wasu mata masu zaman ibada na ƙungiyar Sisters of Mercy suka iso daga Landan don su kama aikin, kuma gwamnati ta amince da gidan a matsayin makarantar koyon sana'a, irin waɗanda Ingila ta tsara wa ƴaƴan talakawa tun dokar 1857.

Ya kamata a fahimci irin wannan makaranta yadda take. Tunanin da ya haife ta shi ne yaron talaka da ke yawon titi haɗari ne ga jama'a, maganinsa kuwa a tsare shi, a hore shi, a ba shi sana'ar da zai ci abinci da ita ba tare da ya ɗaga kai ba. Wasu yaran marayu ne, wasu kotu ce ta aiko su saboda gudun makaranta ko ƙananan laifuka, wasu kuma iyayensu mata ne suka kawo su da kansu saboda sun kasa riƙe su. Yaro yana kwana a nan, yana raba yininsa tsakanin aji da ɗakin sana'a, har ya kai shekara 16 a nema masa wurin aiki.

Ganga da sarewa

A 1892 aka kafa ƙungiyar makaɗa ta farko, wadda ba ta wuce ganguna da sarewa ba, irin na faretin soja. Manufarta a fili take: a koya wa yara tafiya a jere, ƙafa ɗaya, da bin umurni. A 1908, shekara guda bayan girgizar ƙasar da ta rusa Kinston a watan Janairun 1907, bishop ɗin Katolika na tsibirin ya ba makarantar kyautar kayan busa na tagulla. Daga nan ƙungiyar ta zama cikakkiyar badujala.

Abin da ya bambanta Alpha shi ne yadda ta ɗauki kiɗa a matsayin sana'a, sahu ɗaya da kafinta da ɗinki. Dalilin kuwa na neman abinci ne. Rundunar sojan da Ingila ta kafa da baƙaƙen fatar yankin, wato West India Regiment, tana da badujala, kuma tana bukatar samarin da suka iya karanta rubutun kiɗa. Ga yaron da ba shi da gona ba shi da gata, shiga badujalar soja na nufin albashi, tufafi da wurin kwana. Da aka rushe rundunar a 1927, makaɗanta suka ci gaba da aiki da sunan Jamaica Military Band, kuma hanyar da ke tsakanin makarantar da barikin ba ta toshe ba. Leslie Thompson, wanda aka haifa a 1901, yana daga cikin na farko da suka bi ta: daga Alpha ya shiga badujalar soja, ya koma Ingila a 1929, har ya yi kiɗa da Louis Armstrong a zagayen da ya yi a Turai.

Tun da sana'a ce, sai aka koyar da ita yadda ake koyar da sana'a. Yaro yana farawa da solfej da ƙa'idojin jeren sauti, ya iya karanta takarda kafin a amince masa ya riƙe kayan busa. Ana maimaita darasi kullum, ba ranar da aka ga dama ba. Abin da ake busawa ya haɗa da kiɗan fareti, waƙoƙin coci da guntayen kiɗan gargajiyar Turai. Malamin kiɗa guda ɗaya ba zai iya bin kowane yaro ba, don haka manya suke koya wa ƙanana, kamar yadda babban almajiri ke biya wa ƙarami allo. Ta wannan hanya ce Don Drummond ya koya wa Rico Rodriguez busa turombon, su biyun kuma suka zama gwanayen wannan kayan busa a tarihin ƙasar. Shugabannin makaɗan ma sau da yawa ƴaƴan gidan ne. Bayan Reuben Delgado, wanda ya horar da samarin shekarun 1940, Lennie Hibbert ya karɓi aikin a 1955, shi kuma tsohon ɗalibin makarantar ne da ya bi ta badujalar soja ya dawo. Haka ma Winston Martin, wanda ake yi wa laƙabi da Sparrow, da ya riƙe ƙungiyar shekaru masu yawa daga baya.

Sista Ignatius

Ba a ba da labarin Alpha ba tare da an ambaci Sista Mary Ignatius Davies ba. An haife ta a Jamaika a 1921, ta shiga ƙungiyar Sisters of Mercy a 1939 tana da shekara 17, ta zauna a makarantar fiye da shekara 60, har rasuwarta a watan Fabrairun 2003. Ba ita ce malamar kiɗa ba. Aikinta shi ne renon yaran, kuma ta yi suna wajen ƙarfafa musu gwiwa a wasanni, har da dambe.

Gudummawarta ga kiɗa ta biyo ta kunne. Ta tara faya-fayen garmaho masu yawa, na jaz, na kiɗan baƙaƙen Amurka da na gida, tana sa wa yaran su saurara. Daga baya ta sayi manyan amsa-kuwwa irin na masu kiɗan dandali daga hannun wani tsohon ɗalibi, tana haɗa wa yaran wasa a ƙarshen mako. Ma'anar wannan ita ce yaron da ya wuni yana busa kiɗan faretin Ingila bisa takarda, da yamma yana jin yadda gwanayen jaz ke sakin takarda su ƙirƙiri nasu nan take. Horon ya ba shi hannu, sauraren ya nuna masa abin da za a iya yi da hannun. Sannan ita ce ke bin sawun yaran bayan sun fita, tana haɗa su da shugabannin ƙungiyoyin kiɗa masu neman sabbin hannu. Sunan makarantar ya kai inda aka ruwaito cewa Johnny Moore, wanda iyayensa suka hana shi kiɗa, da gangan ya riƙa yin rashin ji don a kai shi Alpha.

Daga otel zuwa Landan

A shekarun 1940 da 1950 kasuwar makaɗa ta faɗaɗa. Otel-otel na masu yawon buɗe ido da gidajen rawa na Kinston suna bukatar manyan ƙungiyoyi masu kwaikwayon jaz na Amurka, shugabanninsu kuma, irin su Eric Deans, sun san inda ake samun yaron da za a miƙa wa takarda ya busa ba gargada. Tommy McCook, mai saksofon, ya shiga ƙungiyar Deans a 1943. Don Drummond ya bi sawunsa a 1950.

Amma tsibirin ya yi wa wasu kaɗan. Dizzy Reece, mai turumpet, ya tafi Ingila a 1948, shekarar da jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan ƴan yankin a can, daga baya ya yi faya-faye da kamfanin Blue Note na Amurka, wanda ba ƙaramin makaɗi ke shiga ba. Joe Harriott ya isa Landan a 1951. A 1960 ya ɗauki faifan Free Form, inda ya saki ƙa'idojin da aka saba bi a jaz, a daidai lokacin da Ornette Coleman ke irin wannan gwaji a Amurka. Daga 1966 kuma ya haɗa kai da John Mayer, ɗan Indiya, suka gauraya jaz da kiɗan Indiya. Eddie Thornton, wanda aka fi sani da Tan Tan, yana cikin masu busan da aka ji a wata waƙar Beatles ta 1966. Duk waɗannan a fili ɗaya suka koyi tsayawa a jere.

Kiɗan ƴancin kai

Waɗanda suka zauna gida su ne suka yi aikin da ya fi girma. A shekarun 1950 talakan Kinston ba ya shiga otel. Nishaɗinsa shi ne dandali, inda masu amsa-kuwwa ke sa faya-fayen baƙaƙen Amurka, suna gasar wanda ya fi sabon faifai. Da irin kiɗan da jama'a ke so ya fara ƙaranci a Amurka, sai manyan masu dandalin, Clement Dodd da ake kira Coxsone, da Duke Reid, da Prince Buster, suka shiga ɗaukar nasu faya-fayen a gida. Ɗaukar faifai a wancan zamani aiki ne na gaggawa: makaɗa duka a ɗaki ɗaya, waƙoƙi da yawa a yini guda, kuskuren mutum ɗaya ya sa a koma farko. Wanda ya iya tsara busa cikin ƴan mintoci, ya daidaita muryar mawaƙin da bai taɓa shiga aji ba, shi ake nema. Ƴan Alpha sun dace da wannan aiki kamar don su aka yi shi.

Daga wannan ɗaki ne kiɗan ska ya fito. Alamarsa ita ce ana danna sauti a tsakanin bugu da bugu maimakon a kan bugun, sai kiɗan ya riƙa tsalle, masu busa kuma su hau kansa da salon jaz. Ya zo daidai da samun mulkin kai ranar 6 ga watan Agustan 1962, sabuwar ƙasa ta ji ta sami abin da za ta kira nata. A ƙarshen 1963 wasu samari da ake kira Wailers, cikinsu har da Bob Marley, suka ɗauki waƙar Simmer Down a Studio One na Coxsone, ta zama ta ɗaya a ƙasar a farkon 1964. Makaɗan da suka raka su, su ne waɗanda bayan ƴan watanni suka kafa ƙungiyar Skatalites. Huɗu daga cikin masu busanta ƴan Alpha ne: Tommy McCook, Don Drummond, Johnny Moore da Lester Sterling. Na biyar, Roland Alphonso, shi ma daga wata makarantar horon yara ya fito, ta Stony Hill.

Skatalites ba ta wuce wata goma sha ƴan kai ba, ta watse a watan Agustan 1965. Amma McCook ya koma wajen Duke Reid ya shugabanci ƙungiyar Supersonics, wadda ta sassauta saurin ska a 1966, matakin da ya share hanyar rege a wajajen 1968. Wasu kuma suka nufi tsaunin Wareika, inda mabiya Rasta ke zama da makaɗin ganga Count Ossie, suka haɗa busan makaranta da gangunan da ke tuna Afirka. Cedric Brooks ya yi faifan Grounation da Count Ossie a 1973, Rico Rodriguez kuma, wanda ya koma Ingila tun 1961, ya sa wa shahararren faifansa suna Man from Wareika. Makarantar da aka gina don ta fid da masu biyayya ga sarautar Ingila, ita ce ta ba masu neman komawa ga tushen Afirka kayan aikinsu.

Ɗaya gefen labarin

Tarihin da ya tsaya a kan yabo kaɗai bai cika ba. Tsofaffin ɗalibai da dama sun ba da labarin horo mai tsanani, har da bulala, da kewar gida ta yaron da aka raba da uwarsa yana ƙarami. Ƴan kaɗan ne suka shiga ƙungiyar makaɗa, mafi yawa sun fita da sana'ar hannu, ba wanda ya rubuta sunansu a bayan faifai.

Su kansu makaɗan, makarantar ta koya musu busa, amma kasuwar da suka shiga ba ta da tausayi. Ana biyan makaɗi ladan yini ko ladan waƙa sau ɗaya, faifan kuma ya zama dukiyar mai kamfani, ko da an sayar da shi shekara talatin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1993 Jamaika ta yi sabuwar dokar kare haƙƙin mawallafa, lokacin da yawancinsu sun tsufa. Joe Harriott ya rasu a Southampton a watan Janairun 1973 yana da shekara 44, cikin talauci.

Labarin Don Drummond ya fi kowane ɗaci. Shi ne ya fi tsara wa Skatalites kiɗa, amma ya daɗe yana fama da ciwon taɓin hankali, yana shiga asibiti yana fita. A farkon watan Janairun 1965 ya kashe Anita Mahfood, wadda aka fi sani da Margarita, shahararriyar mai rawa kuma mawaƙiya da suke zaune tare. Kotu ta yanke cewa ba ya cikin hankalinsa, aka tsare shi a asibitin Bellevue, inda ya rasu ranar 6 ga watan Mayun 1969. Rayuka biyu suka salwanta, kuma wannan masifa tana cikin abin da ya karya ƙungiyar.

Bayan zamanin gwanaye

Gidan bai daina haihuwa ba. Vin Gordon da David Madden sun yi busa a faya-fayen Bob Marley na shekarun 1970. Leroy Wallace, makaɗin ganga da ake kira Horsemouth, shi ne tauraron fim ɗin Rockers na 1978. Mawaƙa irin su Johnny Osbourne da Leroy Smart sun bi ta can. Haka ma Winston Foster, zabiya da iyayensa suka yar, wanda ya zama Yellowman, ɗaya daga cikin manyan taurarin farkon shekarun 1980. A 2007 masarautar Ingila ta ba Rico Rodriguez lambar girmamawa saboda hidimarsa ga kiɗa.

A 2014 aka rufe sashen kwana, bayan fiye da shekara 130, makarantar ta koma ta jeka-ka-dawo ga samari masu koyon sana'a, kiɗa kuma ya ci gaba da zama cikin darussanta. Shekara guda bayan haka, a 2015, UNESCO ta sa Kinston cikin jerin biranen da suka yi fice a fannin kiɗa, a 2018 kuma ta sa rege cikin al'adun da duniya ta gada.

Abin da tarihin ke nunawa

Idan aka tattara, abubuwa huɗu ne suka sa ƙungiyar makaɗan Alpha ta yi abin da ta yi, kuma ba ko ɗaya cikinsu da ya dogara da dukiya mai yawa. Na farko, an ba kiɗa lokacinsa a cikin tsarin yini, ana yin sa kullum. Na biyu, an koyar da ƙa'ida tare da aiki, yadda yaro zai iya karanta abin da bai taɓa ji ba, ya kuma rubuta abin da ya ƙirƙira. Na uku, ilimin ya zauna a cikin gidan, manya na miƙa wa ƙanana, tsofaffin ɗalibai na dawowa su koyar, har fiye da ƙarni guda igiyar ba ta tsinke ba. Na huɗu, akwai ƙofar fita: barikin soja da farko, sannan otel, sannan ɗakin ɗaukar faifai, da kuma mutum guda da ta ɗauki nauyin raka yaro har bakin ƙofar.

Ranar da ƴan makaranta suka hau dandali a gaban iyaye da manyan gari, abin da ake gani sakamako ne na watannin da ba wanda ya gani. Makarantar da ke fito da kayan kiɗa mako biyu kafin biki, ta mayar da su cikin akwati washegari, za ta iya burge baƙi, amma ba za ta fid da makaɗi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan gaskiya ne a ɗakin kafinta, gaskiya ne kuma a ɗakin kiɗa.

Ɓangaren da Alpha ta gaza shi ma darasi ne. Wanda aka koya wa sana'a ba a koya masa haƙƙinsa a kasuwa ba, an shirya shi ne don wani ya ci guminsa. Kuma gwanintar yaro ba ta ɗauke wa manya nauyin duba lafiyarsa da halin da zuciyarsa ke ciki. Duk makarantar sana'a ko ƙungiyar al'adu da ke tunanin girka makaɗa, tambayoyin da tarihin Alpha ya bar mata su ne: awa nawa za a ba darasin a mako, wa zai koyar idan malamin farko ya tafi, ina yaron zai nufa ranar da ya gama, kuma wa zai karanta masa takardar yarjejeniya kafin ya sa hannu.